Hawata: Yadda ake farfaɗo da fentin tsohuwar motar daji ba tare da an kashe shi ba

Daga watan Oktoba, da zarar ruwa ya ɗauke a jihar Gadarif da ke gabashin Sudan, sai a shiga yankan riɗi, daga baya kuma girbin dawa. A wannan lokaci ne motar daji, wadda a Nijar ake kira katkat, ta fi yin aiki kuma ta fi daraja. A Hawata, garin da ke bakin kogin Rahad a kudu maso yammacin birnin Gadarif, da yawa daga cikin motocin da ke ɗaukar 'yan ƙwadago da buhuna tsofaffi ne: Land Cruiser, da Hilux mai buɗaɗɗen baya da ake kira boksi, da 'yan tsirarun Land Rover da suka girmi direbobinsu.

Galibi sukan fito daga damina fentinsu ya dushe, ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa gari, gefensu kuma duk zanen ƙaya. Mai mota yakan ɗauka zaɓi biyu ne gabansa, ko dai ya kai a sake mata feshi gaba ɗaya, ko ya ƙyale ta haka. Akwai na uku, wanda ya fi araha kuma sau da yawa ya fi ɗorewa: a ceto fentin da motar ta fito da shi daga kamfani.

Batun ya wuce na ado. Tun da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilun 2023, kuɗin ƙasar ya faɗi warwas, an kuma wawashe motoci masu ɗimbin yawa a Khartum da jihar Jazira. Lokacin da RSF ta shiga Sinja a ƙarshen Yunin 2024, dubban mutane sun tsere zuwa jihar Gadarif a tsakiyar damina, a kan hanyoyin da ƙaramar mota ba ta iya bi. Wanda ke da tsohuwar motar daji a yau ba shi da tabbacin samun wata idan wannan ta ruɓe. Abin da ke tsakanin ƙarfenta da tsatsa kuwa, fenti ne kaɗai.

Ƙasar da ke cin fenti

Hawata na kan layin dogon da ya haɗa Gadarif da Sinnar a ƙarshen shekarun 1920, kuma yanki ne da Hausawa suka daɗe da zama, suna noma da su a gaɓar Rahad da Dindir. Ƙasar wurin baƙar laka ce. Da rani takan tsage har ƙafa ta shige, da damina kuma ta kumbura ta yi danƙo. Wannan laka ita ta mai da Gadarif rumbun dawar Sudan tun da aka fara noman tarakta a yankin a tsakiyar shekarun 1940, ita ce kuma babbar abokiyar gabar ƙarfen mota.

Dalili shi ne tana riƙe ruwa. Yashi yakan bushe ya zube da kansa, amma laka takan cushe cikin rumfar taya, da cikin shasi, da ƙasan ƙofa, ta zauna da danshinta makonni bayan sama ta washe. Mota tana iya ƙyalli daga waje alhali tana ruɓewa daga ciki.

Daga sama kuma rana ce. A Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, kuma murfin injin mota mai duhun launi da aka bari a fili yana iya kaiwa digiri 70. Wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani yana farfasa danƙon da ke riƙe da ƙwayoyin launi, sai launin ya saki ya zama gari. Shi ya sa idan aka shafa hannu a jikin tsohuwar farar mota, tafin hannu yakan fito fari kamar na mai rubutu da alli, jar mota kuma ta koma kalar da ba ja ba, ba fari ba. A ƙara da guguwar ƙura da ake kira habub, da ƙayar talha da kitir da aduwa a hanyoyin gona, da ƙaron bishiya da kashin tsuntsu ga motar da ake ajiyewa a inuwa.

Kaurin takarda ɗaya

Abin da ya kamata mai mota ya fara sani shi ne fentin kamfani siriri ne ƙwarai. Idan aka haɗa dukkan shafe-shafensa, kaurinsa yakan kama daga maikuron 100 zuwa 150, maikuron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Wato kusan kaurin takardar rubutu ɗaya ke nan, ko ya ɗara kaɗan.

Duk da sirantarsa, babu garejin da ke iya maimaita shi. A motocin da aka ƙera daga shekarun 1980, ana tsoma gangar jikin gaba ɗaya cikin kwatamin fentin shimfiɗa, a sa wutar lantarki ta manna shi a kowane lungu, sannan a gasa. Fentin sama shi ma gasa shi ake yi a zafin da ya kai wajen digiri 140, tun ba a sa roba ko waya ko kujera ba. Fentin gareji kuwa a iska yake bushewa, tare da duk ƙurar da ta ga dama. Duk wanda ya kankare fentin asali mai sauran rai don ya fesa sabo, ya ba da abu mai kyau ne ya karɓi wanda bai kai shi ba.

Fentin sama iri biyu ne, kuma aikin da za a yi ya dogara ne da wanda ke jikin motar. Na farko shafi ɗaya ne, launi da ƙyalli a haɗe. Shi ne ke kan tsofaffin Land Rover, da Land Cruiser samfurin 40 da aka ƙera daga 1960 zuwa 1984, da yawancin farare da masu ruwan ƙasa na samfurin 70 da ya fito a 1984. Na biyu shafi biyu ne: launi a ƙasa, sannan wani shafi garai-garai marar launi a sama, wanda Faransanci ke kira vernis. Wannan ya yaɗu ne daga shekarun 1980, musamman a launuka masu walƙiya kamar ruwan azurfa, kuma kaurin shafin ƙyallin bai cika wuce maikuron 50 ba.

Gane bambancin ba ya buƙatar na'ura. A ɗiga man gogewa kaɗan a farin tsumma, ko baƙi idan motar fara ce, a murza wani ɓoyayyen wuri. Idan launin motar ya fito a tsumman, shafi ɗaya ne, kuma labari ne mai daɗi: abin da ya mutu saman ne kawai, a ƙarƙashinsa akwai launi mai rai. Idan tsumman bai ɗauki launi ba, akwai shafin ƙyalli. Matuƙar dishi-dishi kawai ya yi, ana iya gyara shi. Amma idan ya fara ɓarewa a rufi da murfin inji kamar saɓar maciji, to ya mutu, kuma duk man da aka zuba masa asara ce. Wannan ɓangaren sai feshi.

Wanki ma yana kashe fenti

Yawancin zanen da ke jikin motocin daji ba ƙaya ce ta yi su ba, tsumma ne. Yaron mota da ya tashi da safe ya share ƙura da busasshen ƙyalle, samfefa ya goga wa motar bai sani ba, domin ƙurar na ɗauke da ƙananan ƙwayoyin yashi da suka fi fenti tauri.

Ruwan wankin ma abin dubawa ne. Rahad daga tsaunukan Habasha yake gangarowa, da damina ya zo jajir da laka, da rani kuma ya yanke ya zama tafkuna. Ruwan da aka ɗebo daga nan yana bukatar ya kwana a ganga ya kwanta, a tsiyaye na sama. Matan karkarar Sudan sun daɗe suna tace ruwan kogi da dakakken ƙwallon zogale, kuma dabarar tana yi wa ruwan wankin mota aiki kamar yadda take yi wa na randa. Ruwan rijiyar burtsatse ya fi tsabta, sai dai idan ya bushe da kansa a rana yakan bar ɗigo-ɗigon gishiri da ke cin fenti, don haka a inuwa ake wanki, a kuma tsane da hannu.

A fara da ƙasan mota, a jiƙa lakar ta yi laushi, a zazzage ta daga cikin shasi, a buɗe 'yan ramukan da ke ƙasan ƙofofi waɗanda aka yi domin ruwa ya fita. Sannan a kwarara ruwa a jiki tun kafin tsumma ya taɓa shi. Bokiti biyu sun fi ɗaya, na sabulu da na ɗauraye tsumma, don kada yashin da aka cire ya koma. Garin sabulun wanki yana cire duk wani kaki da ke jikin fenti. A wankin farko kafin gyara hakan ma ake so, amma ba na kowane mako ba ne.

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare daga Gadarif har Maraɗi, ta shafa wa mota man gas don ta yi ƙyalli ranar da za a kai ta kasuwa. Ƙyallin na kwana biyu ne. Man yana kama ƙura, yana lalata robar gilashi, kuma idan ya shige cikin fenti, duk sabon feshin da aka yi a kansa yakan fito da ƙananan ramuka. Man birki ya fi shi muni, domin shi narkar da fenti yake yi, kuma in ya zuba sai a wanke da ruwa nan take.

Tsatsa kafin ƙyalli

Babu amfanin goge fentin da ƙarfen ƙarƙashinsa ke ruɓewa. A Land Cruiser, wuraren da ake fara dubawa su ne magudanar ruwan da ke gefen rufi, da kewayen gilashin gaba, da rumfar taya, da daɓen da ke ƙarƙashin tabarmar roba. A motar da ke dakon taki ko awaki, bayanta ne ke fara tafiya, saboda takin zamani da fitsarin dabba suna hanzarta tsatsa. Ƙarƙashin batir ma haka.

Ƙurji a jikin fenti alama ce tsatsa ta riga ta yi nisa a ƙasa. Maganinta a kankare har a ga farin ƙarfe, a shafa ruwan kashe tsatsa mai ɗauke da asid na fosforik, wanda ke mai da ragowarta baƙa, sannan a rufe da fentin shimfiɗa a ranar. Ƙarfen da aka bari tsirara ya kwana cikin raɓa, aiki ya koma baya. Inda ya riga ya huje, sai a yanke a yi walda da sabon faranti.

A nan ne ake yawan ha'inci. Mai gyaran jikin mota, wanda a Sudan ake kira samkari, yana da wani kwaɓi da ake ce wa ma'ajun, a Najeriya kuma fila. An yi shi ne domin daidaita ɗan lotsawa, kaurin da bai wuce milimita 3 ba. Idan aka toshe rami da shi, yakan sha danshi ta baya, girgizar hanya ta tsaga shi, ya faɗo kafin damina biyu. Mai sayen tsohuwar mota yana iya gano shi da ɗan maganaɗisu a naɗe cikin ƙyalle: inda ya ƙi kamawa, kwaɓi ne a wurin.

Wannan gwaji ba ya aiki a Land Rover, domin jikinta ba ƙarfe ba ne. Lokacin da aka fito da ita a Ingila a 1948, ƙarfe na wuya bayan yaƙin duniya na biyu, sai aka yi mata jiki da alminiyam, aka bar shasi da bangon da ke tsakanin inji da direba na ƙarfe. Haka aka ci gaba har zuwa Defender da aka daina ƙerawa a Janairun 2016. Mutane kan ce Land Rover ba ta tsatsa, amma rabin gaskiya ce. Shasinta yana tsatsa kamar na kowace mota, kuma duk inda alminiyam ya haɗu da ƙarfe ga danshi a tsakani, alminiyam ɗin ne ke cinyewa, ya zama farin gari. Ƙasan ƙofofinta, inda aka naɗe fatar alminiyam a kan firam na ƙarfe, nan abin ya fi bayyana. Ba a goge irin wannan jiki da burushin ƙarfe, ba a wanke shi da soda mai ƙuna, kuma fenti ba ya kama shi sai an fara sa shimfiɗa ta musamman mai ɗan cizo.

Gogewa: a cire kaɗan

Man gogewa ba ya ƙara wa fenti komai. Ƙwayoyi ne masu laushi ƙwarai da ke aske saman da ya mutu har a iso mai rai. Kowace gogewa ragewa take yi daga abin da ba ya dawowa, shi ya sa ƙa'idar ita ce a fara da man da ya fi laushi, a wuri ɗan ƙarami, a duba. In ya wadatar, babu dalilin ɗauko mai kaushi. A shafin ƙyalli, masu sana'ar sukan yi gargaɗin kada a ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na kaurinsa a duk rayuwar motar, domin shi ne ke tare hasken rana.

Tsohon fenti mai shafi ɗaya yakan bushe ƙayau, ya riƙa shanye mai kamar ƙasar rani. Yana da kyau a fara shafa masa man gogewa mai maiƙo, a bar shi ya jiƙu, kafin a fara murzawa. Tsumma zai riƙa cika da mataccen launi, sai a yawaita canzawa.

Game da zanen ƙaya, farce ne alƙali. Idan aka ja farce a kai bai maƙale ba, ko kuma zanen ya ɓace da aka jiƙa shi, gogewa za ta fitar da shi. Idan farce ya maƙale, ya yi zurfi, kuma bin sa da samfefa zai cinye fentin kewayensa ne a banza. Gara a cike shi da ɗan fenti a bakin tsinke. Ba sai an yi kame-kamen launi ba, domin Toyota na rubuta lambar launin a ƙaramin farantin da ke jikin motar, bayan haruffan C/TR. Sai dai fentin da ya shekara talatin a rana ba zai yi daidai da na gwangwani ba, dole mai haɗawa ya gwada da ido. Motar da za ta koma cikin kitir gobe, ba a neman ta zama madubi. Abin nema kada a bar ƙarfe a buɗe.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen inji. Injin goge fenti yana juyawa ne tsakanin sau 600 zuwa 3,000 a minti. Injin yankan ƙarfe da ke kowane shagon walda kuwa yakan yi wajen sau 11,000. Wasu kan ɗaura masa soso su hau mota da shi, cikin daƙiƙa kaɗan ya ƙone fenti har shimfiɗa. Wanda ba shi da injin da ya dace, hannu ya fi masa, ko da zai kwana uku. Kusurwoyi da bakin ƙofa kuma, inda fenti ya fi siranta, a rufe su da tef.

Fentin da aka goge tsirara yake, kuma a ranar Gadarif yana iya sake dushewa cikin 'yan watanni idan ba a rufe shi ba. Kakin karnuba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya mai kama da giginya a Barazil, yana ba da ƙyalli mai kyau amma ba ya jure irin wannan zafi fiye da 'yan makonni. Na haɗin sinadari ya fi daɗewa. Rumfar zana da za a riƙa ajiye motar a ciki ta fi su duka biyun aiki.

Idan feshi ya zama dole

Wani lokaci babu makawa, kamar idan shafin ƙyalli ya ɓare ko an yi walda. Ko a nan, ba lallai ne a fesa mota duka ba, rufi da murfin inji kaɗai sukan isa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne safiyar Disamba da Janairu, domin fenti ya fi kwanciya a zafin digiri 20 zuwa 25. A zafin bazara yakan bushe a iska kafin ya sauka, ya fito da kaushi kamar ɓawon lemu, da damina kuma danshi kan sa ya yi hazo. A yayyafa wa ƙasan wurin ruwa don ƙura ta kwanta.

Lafiyar mai aikin ita ce abin da aka fi yin sakaci da shi. Tsofaffin fenti, musamman ja da ruwan ɗorawa, suna iya ƙunsar dalma, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta da ba ya cutarwa, kuma ta fi yi wa ƙwaƙwalwar yara illa. A garejin da yara masu koyon sana'a ne ke riƙe da samfefa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Gogewa da ruwa tana hana ƙurar tashi. Fentin zamani da ake haɗawa da maganin tauri kuma yana ɗauke da sinadarin isosayanet, ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke jawo wa ma'aikata ciwon asma. Rawani ko ƙyallen da aka ɗaura a hanci ba ya tare shi.

Sai kuma launi, wanda a Sudan ta yau ya zama batun tsaro. Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, da 'yan ƙasar ke kira tatshar, ita ce motar yaƙin yankin tun fafatawar Chadi da Libiya ta 1987 da aka laƙaba wa suna yaƙin Toyota. Masu ɗauke da makamai sun fi amfani da mai ruwan ƙasa, sukan kuma shafe ta da laka don ta saje da daji. Manomin da ya fesa wa motarsa irin wannan launi marar ƙyalli, ko ya bar ta lulluɓe da busasshiyar laka har lambarta ta ɓace, yana iya jawo wa kansa kallon da bai nema ba.

Takardun mota suna ɗauke da launinta da lambar shasinta. Bayan satar motocin da aka yi tun 2023, motar da takarda ta ce fara ce amma aka gan ta shuɗiya, ko wadda sabon fenti ya cike lambar da aka buga a shasinta, za ta sha tambayoyi a shingen bincike, kuma mai saye zai ja baya. Kafin a fara kowane aiki, a rufe farantin kamfani da lambar shasi da tef, kada samfefa ta kusance su. Wanda ya ƙudura sauya launi, sai ya fara zuwa ofishin 'yan sandan kula da zirga-zirga a gyara takarda, sannan ya sayi fenti.